“Baba, Kun Ci Abinci?”: Yadda Za Mu Lura Da Cin Abincin Tsofaffinmu A Gida

  

Ƴan'uwa masallata da ɗalibanmu na makaranta, duk wanda ya daɗe yana sallah a masallaci ɗaya ya taɓa ganin abin da za mu faɗa. Dattijo ne ya shekara talatin a sahun gaba, kullum da Asuba shi ne na farko. Wata rana sai ka lura rigarsa ta yi masa yawa, ƙasusuwan wuyansa sun fito. Bayan wata biyu, in ya yi sujada sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Daga nan ya koma sallah a zaune. Daga nan kuma a daina ganinsa, sai liman ya ce bayan La'asar a sa wane cikin addu'a, jiki ya ƙi. Mu duka sai mu ce: “Allah sarki, tsufa ne.”

Tsufa gaskiya ne. A Suratur Rum, aya ta 54, Allah ya bayyana mana cewa bayan ƙarfi rauni da furfura ke biyowa. Amma sau da yawa in aka bi sawun abin, za a tarar tun watanni da suka wuce ya fara, kuma a bakin kwano ya fara. Tuwo ya shiga ɗakin Baba, ya fito an ɗan gutsiri gefe, yara su cinye sauran, ba wanda ya lura. A nan Nijar, tun bayan matsalar abinci ta shekarar 2005 an wayar da kan iyaye sosai game da tamowa, har uwa a ƙauye ta san igiyar nan mai launi da ake auna damtsen yaro da ita. Madalla da haka. To amma tsohon da ke ɗakin zaure fa, wa ke auna shi?

Abin da addini ya ɗora mana

A Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah ya haɗa umarnin bauta masa da kyautata wa iyaye, ya kuma ambaci lokacin tsufansu da suna, lokacin da suke a hannun ɗansu. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya nanata har sau uku hasarar wanda ya riski iyayensa, ɗaya ko duka biyu, cikin tsufa amma bai samu Aljanna ta dalilinsu ba. A fiƙihunmu na Malikiyya kuwa, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗan da ke da hali.

Mafi yawanmu ba mu gaza wajen kawo hatsi da cefane ba. Inda muke sakaci shi ne sanin ko abincin ya shiga cikin tsohon. Tsohon Bahaushe kuwa yana da kunya da kara, ba zai ce yana jin yunwa ba, ba zai ce naman ya fi ƙarfin haƙoransa ba. Ka ce, “Baba, kun ci abinci?” ya ce, “Alhamdu lillahi.” Kuma bai yi ƙarya ba fa. Godiya ya yi wa Allah, bai ce maka ya ci ba.

Me ke rage cin tsoho?

Akwai abin da shekaru ke kawowa da kansu. Harshe yana rage jin ɗanɗano, hanci yana rage jin ƙamshi, sai miyar da kowa ke yabo ta zame masa salam. Ciki yana jinkirin sauke abinci, sai ya ƙoshi da wuri, ya daɗe bai ji yunwa ba. Jin ƙishirwa ma yana raguwa, har mutum ya bushe bai sani ba.

Akwai kuma dalilan da ake iya gyarawa, su ne ma suka fi yawa:

Baki da haƙora. Haƙori mai girgiɗi, ciwon dasashi, bushewar baki, ko farin kumfa a kan harshe.

Magunguna. Wasu magungunan ciwon suga irin su metformin, ƙwayoyin ƙarin jini, da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna tayar da zuciya ko su ɓata ɗanɗano.

Taurin bayan gida. Wanda ya kwana uku bai zaga ba, ina zai ji marmarin tuwo?

Ciwo ɓoyayye, kamar tarin fuka, ciwon suga, ciwon zuciya, ciwon ƙoda ko ciwon daji.

Baƙin ciki da kaɗaici. Tsohuwar da ta rasa mijin da suka shekara hamsin tare, tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, ko tsohon da ƴaƴansa duk suka tafi ci-rani. Cin abinci shi kaɗai a ɗaki yana kashe sha'awa.

Mantuwa ta tsufa. Wani ya mance bai ci ba, wani ya rantse ya ci.

Rashi da kara. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kaka ce ke fara cewa ta ƙoshi don jikoki su samu.

Goro, taba da shayi mai ƙarfi. Duk suna toshe yunwa, musamman in aka yi su kafin abinci.

Illar abin ita ce, idan tsoho ya rame, tsoka ce ke zubewa da yawa, kuma maido da ita a wannan shekaru yana da wuya ƙwarai. Tsokar nan ita ke ɗaga shi daga sujada, ita ke riƙe shi kada ya faɗi a makewayi ya karya ƙugu, ita ke ba shi ƙarfin tari ya fitar da majina. Jikin da ba ya samun abinci yana saurin kamuwa da cuta, rauni ya ƙi warkewa, in an kwanta gyambon kwanciya ya fito. Kada ƙiba ta ruɗe mu: Hajiya mai jiki tana iya zubar da tsoka alhali ana ganin ta cika kujera.

Tambayoyi huɗu

Likitoci a Jami'ar Sent Luwis ta Amurka sun fitar da wata gajeriyar hanyar auna sha'awar abinci a shekarar 2005, ana kiranta SNAQ. Tambayoyi huɗu ne kacal, kowace amsa tana da maki daga 1 zuwa 5. Ba ta bukatar kuɗi ko na'ura. Ga su da Hausarmu:

Ta farko: Yaya sha'awar cin abinci kwanakin nan? Babu sam (1), kaɗan ce (2), tsaka-tsaki (3), da kyau (4), sosai da sosai (5).

Ta biyu: In an fara ci, yaushe ake jin ƙoshi? Bayan ƴan lomomi (1), bayan kamar sulusin kwanon (2), bayan an wuce rabi (3), bayan an kusa cinyewa (4), da wuya a ji ƙoshi (5).

Ta uku: Yaya abinci yake a baki? Ba daɗi ko kaɗan (1), ba daɗi (2), ba yabo ba fallasa (3), da daɗi (4), da daɗi ƙwarai (5).

Ta huɗu: Sau nawa ake cin abinci a yini? Ba ya kai cikakken ci ɗaya (1), sau ɗaya (2), sau biyu (3), sau uku (4), fiye da uku (5).

Sai a tara makin. Mafi ƙaranci 4, mafi yawa 20. Wanda ya samu 14 ko ƙasa da haka yana cikin haɗarin zubar da aƙalla kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a cikin wata shida masu zuwa. Misali, Inna ta ce sha'awa kaɗan ce (2), tana ƙoshi a sulusin kwano (2), ɗanɗano ba yabo ba fallasa (3), tana ci sau biyu (3). Jimla 10 ke nan. Ko da ba ta fara ramewa ba, lokacin tashi tsaye ya yi. Amfanin tambayoyin ke nan: suna nuna matsalar kafin ido ya ganta.

Abu biyu za mu ƙara daga sanin gidajenmu. Na ɗaya, a tambaya ta huɗu a bambance wanda ba ya so da wanda bai samu ba. Na farko likita yake bukata, na biyu taimakon dangi da jama'a yake bukata, wani kuma duka biyun. Na biyu, yadda ake tambayar. In ɗa ya zo da takarda da biro kamar mai ƙidaya, Baba zai ce komai lafiya. A yi ta cikin hira. Jikoki sun fi kowa dacewa da wannan aiki saboda wasan da ke tsakaninsu da kakanni. Jikanya tana iya cewa, “Kai angona, wannan lomar taka ai ba ta riƙe gida,” ya yi dariya ya faɗa mata gaskiyar da ba zai faɗa wa ɗansa na fari ba. A kuma tambayi mai ɗauko kwano daga ɗakin, ita ta san abin da ke dawowa.

Abin da ido da igiyar awo za su nuna

In akwai sikeli a kusa, a auna tsoho sau ɗaya a wata, da irin tufafi ɗaya, a rubuta. Mai kilo 60 da ya zubar da kilo 3 cikin wata shida ba da niyya ba ya zubar da kashi 5 cikin 100, kuma wannan ya isa a kai shi likita. In babu sikeli, a duba alamu: zobe ko agogo ya yi sako-sako, ana ƙara ɗaure tazuge, zane yana zagayawa fiye da da, gefen goshi ya lotsa, tsakanin babban yatsa da manuni ya yi rami, ba ya iya tashi daga tabarma ko kujera sai an kama shi.

Ma'aikatan lafiya suna da wata hanyar mai tambayoyi shida, gajeriyar MNA, wadda aka tsara don tsofaffi. Tana duba raguwar ci da raguwar nauyi cikin wata uku da suka wuce, ko mutum yana iya tashi da fita, ko ya yi ciwo mai tsanani ko tashin hankali kwanan nan, ko akwai mantuwa ko baƙin ciki mai nauyi, sannan awon jiki. Maki 12 zuwa 14 lafiya lau, 8 zuwa 11 akwai haɗari, 7 zuwa ƙasa kuwa rashin abinci ya riga ya kama jiki.

Awo ɗaya daga cikinta kowa zai iya yi a gida da igiyar awo ta tela. Tsoho ya zauna, ya lanƙwasa gwiwa, tafin ƙafa a ƙasa. A zagaya igiyar a wurin da ya fi kauri na sha-raɓa, wato tsokar bayan ƙwauri, ba tare da matsewa ba. In awon bai kai santimita 31 ba, alama ce tsoka ta ragu. Sai dai in ƙafa ta kumbura awon ba ya aiki, kuma kumburin kansa dalili ne na zuwa likita. Mata su auna mata, maza su auna maza.

Yaushe za a tafi likita ba jira?

In rashin ci ya haɗu da ɗaya daga waɗannan, kada a tsaya gwada abinci iri-iri: tari da ya wuce sati biyu, musamman da zufar dare, ƙwarewa ko tari duk lokacin haɗiya, wanda ake yawan gani bayan shanyewar ɓarin jiki, abinci yana tsayawa a ƙirji, amai mai maimaituwa, jini a bayan gida ko bayan gida baƙi ƙirin, yawan ƙishirwa da yawan fitsari, ruɗewa ta farat ɗaya, ko kwana biyu ba ci ba sha. A tafi da duk magungunan da yake sha cikin leda ɗaya, har da na masu talla da na gargajiya, a nuna. Kada a tsayar da maganin likita da ka, a bari shi ya canza.

Gyara a cikin gida

Ciki ya ƙanƙance, to a daina tula kwano. Tulin tuwo yana karya wa marar sha'awa gwiwa tun bai sa hannu ba. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini, kuma kowace loma ta zama mai amfani.

Masana abinci suna cewa tsoho yana bukatar sinadarin gina jiki giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 60 yana bukatar giram 60 zuwa 72 ke nan. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, kofin madara na rubu'in lita kamar giram 8, gujiya giram 100 kuwa kamar giram 25. Kun ga koko tsurarsa da safe da farau-farau da rana ba za su kai ko kusa ba. Ba sai an sayi abin gwangwani mai tsada ba, abin yana cikin kasuwarmu: a dama fura da nono mai kauri, a sa niƙaƙƙiyar gujiya ko madara a kunu, a daka ƙuli-ƙuli a barbaɗa a kwaɗon zogale, a yi alale da ƙosai da faten wake mai laushi, a dafa ƙwai, kifi da hanta, a dafa nama ya yi lugub ko a daka shi a miya. Cokali ɗaya na man shanu ko man gujiya a kan tuwo yana ƙara ƙarfi ba tare da ƙara yawa ba. Madarar shanu a tafasa ta kafin a sha. Don ɗanɗano a ƙara daddawa, citta, tafarnuwa ko lemun tsami. Mai ciwon suga da mai ciwon ƙoda kuwa, a nemi shawarar likita kafin a canza musu abinci.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Sunna. Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha (RA) takan sa a dama talbina, wani kunu mai laushi na garin sha'ir, ga marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, saboda abin da ta ji daga Annabi (SAW) game da amfaninta ga zuciyar mai ciwo da mai baƙin ciki. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa da wasu sahabbai suka koka suna ci ba sa ƙoshi, an umarce su su haɗu a kan abincinsu su ambaci sunan Allah don a sa musu albarka. To mu daina tura wa tsofaffi kwano ɗaki a rufo ƙofa da sunan girmamawa. A samu wanda zai zauna ya ci tare da su. Rarrashi ake yi, ba a ɗura, ba a tsawa. A zaunar da shi sosai lokacin ci, kada ya kwanta nan take. A kula da asuwaki da wanke baki. Shayi da goro su koma bayan abinci da ɗan tazara. Tafiya zuwa masallaci ma, ga mai iko, tana motsa yunwa tana riƙe tsoka.

Kuskure biyu ya kamata mu kauce wa. Na ɗaya, da an ce Baba yana da hawan jini sai a hana shi gishiri, nama, mai, ƙwai, komai da komai, har abinci ya fita ransa. A tambayi likita takamaimai me za a rage kuma har yaya. Na biyu, jawo hadisin nan na raba ciki kashi uku a kafa hujja da shi. Hadisin horo ne ga mai cika ciki, ba a kan dattijon da ke narkewa yake magana ba.

Sai ruwa. Ana so tsohuwa ta sha kamar lita 1.6 a yini, tsoho kuwa lita 2, fiye da haka lokacin zafin bazara, sai fa wanda likita ya taƙaita wa saboda zuciya ko ƙoda. Kunu, nono da romo duk suna cikin lissafi. Tsofaffi da yawa suna ƙin sha don tsoron karyewar alwala ko yoyon fitsari. Mu sanar da su sauƙin da ke cikin mazhabarmu: yoyon da ya lizimci mutum mafi yawan lokaci ba ya warware alwala, an so dai ya sabunta ta ga kowace sallah. Mai wannan lalura ya zo ya tambayi malam, babu kunya a neman sani.

Maganar azumi

Wuyar aiki ke nan, don babu abin da tsoho ke ƙi kamar a ce ya sha azumi. Amma Allah da ya wajabta shi ya yi rangwame. Tsohon da ba ya iya azumi an yarje masa ya sha, kuma a Malikiyya an so ya ciyar da mudu ɗaya na Annabi a madadin kowace rana, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaid. Buhari ya ambaci cewa Anas ɗan Malik (RA), hadimin Manzon Allah, da ya tsufa ya sha azumi shekara ɗaya ko biyu yana ciyar da miskini gurasa da nama kowace rana. Wa zai ce Anas ya raina azumi? Wanda makinsa ya yi ƙasa ko yake ramewa, a kai shi likita tun cikin Sha'aban, a kuma zo da shi wurin malam su yi magana. Haka azumin nafila na Litinin da Alhamis: in jiki yana zubewa, a dakata har ya farfaɗo. Wanda uzuri ya hana shi aikin da ya saba, ana rubuta masa ladansa.

Aikinmu a matsayin jama'a

Ba kowane tsoho ke da ɗa a kusa ba. Masu ziyarar marasa lafiya na masallaci su san gidajen tsofaffin da ke zaune su kaɗai, da zawarawan da ba mai kawo musu, su sa su gaba wajen rabon zakka da sadaka, musamman daga farkon damina zuwa kaka. Wanda aka rasa a sahu kwana uku, a leƙa shi, kuma bayan “yaya jiki” a tambayi yaya cin abinci.

Ku kuma ɗalibai, ga aikin gida na wannan wata. Kowa ya zaɓi tsoho ɗaya, na gidansu ko na maƙwabta. Ya yi masa tambayoyin nan huɗu cikin ladabi da raha, ya lura da kwanonsa na sati ɗaya, ya rubuta. In makin bai wuce 14 ba, ya faɗa wa babba a gidan, ya karanta masa wannan takarda. Bayan wata ɗaya a sake.

Ajali ba ya gaba ba ya baya, wannan mun yi imani da shi. Amma za a tambaye mu amanar da aka bari a hannunmu. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ba masu rai lafiya da kyakkyawan ƙarshe, ya ba mu ikon yi musu hidima kamar yadda suka yi mana muna ƙanana. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne. Allah ne mafi sani.